A Gyara Maganar da Aka Yi Kan Fina-finai da Auren Amurkawa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon da kuka gayyato shirinku na daren Lahadi ya maimaita wata magana har sau uku, mai gabatarwa kuma bai ce masa uffan ba. Cewa ya yi wai fina-finai da mawaƙa ne suka juya tunanin Amurkawa, da fari suka sa su yarda da aure tsakanin baƙar fata da farar fata, daga baya suka sa su yarda da auren jinsi ɗaya, kuma wai hanya ɗaya batutuwan biyu suka bi. Raina ya ɓaci da jin haka daga gidan da muke ɗauka makaranta. Maganar ba ta da tushe, kuma shekarun da abubuwan suka faru kaɗai sun isa su rushe ta.

Abu na farko da baƙonku ya tsallake shi ne cewa a Amurka sha'anin aure a hannun jihohi yake. Kowace jiha ke tsara wa za a ɗaura wa aure da wanda ba za a ɗaura wa ba. Shi ya sa a watan Yunin 1958 Richard Loving, Bature, da Mildred Jeter, baƙar fata mai jinin 'yan asalin ƙasar, suka bar jihar Birjiniya suka je birnin Washington aka ɗaura musu aure, suka dawo gida. Bayan 'yan makonni 'yan sanda suka shiga ɗakin kwanansu cikin dare suka kama su a ƙarƙashin wata dokar jihar ta 1924. A farkon 1959 alƙali Leon Bazile ya yanke musu ɗaurin shekara ɗaya, ya jingine hukuncin bisa sharaɗin su fita daga jihar na tsawon shekara 25. Mildred ce ta rubuta wa Robert Kennedy, babban lauyan gwamnatin tarayya, takardar koke, shi kuma ya tura ta wajen lauyoyin ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU. Shari'ar ta hau mataki-mataki har Kotun Ƙoli, ranar 12 ga Yunin 1967 alƙalai tara duka suka soke dokar, da ita da irinta a sauran jihohi 15 da suka rage da haramcin.

To ina fim a cikin wannan? Masu shirya fina-finan Hollywood su da kansu suna da ƙa'idar tacewa da suka rubuta a 1930, suka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934, kuma a cikinta an hana nuna soyayya tsakanin baƙar fata da farar fata. Sai a 1956 aka cire wannan sashe. Wato masana'antar da baƙonku ya ce ita ta buɗe ƙofa, ita ma ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana gadin ƙofar. Shahararren fim ɗin Sidney Poitier, ɗan wasa baƙar fata, kan wannan batu, wanda ake yawan kafa hujja da shi, a watan Disambar 1967 ya shiga gidajen sinima, wata shida bayan kotu ta gama magana.

Kuma ko bayan fim ɗin jama'a ba su juya ba. Cibiyar Gallup, mai auna ra'ayin jama'a, ta yi ta maimaita tambayar shekara da shekaru. A 1958 kashi 4 cikin ɗari ne suka ce sun yarda da irin wannan aure. A 1968, shekara guda bayan hukuncin, kashi 20 ne. A 1991 ana kan kashi 48. Sai a 1997 adadin ya haye rabi, ya kai kashi 64. Ku lissafa, Malam Edita: shekara talatin doka tana gaba, ra'ayin yawancin jama'a na baya, alhali a duk tsawon lokacin baƙaƙen fata na cika rediyo da talabijin da filayen wasanni. Mutum yana iya rawa da waƙar baƙar fata da yamma, da safe ya hana shi 'yarsa, kuma haka miliyoyi suka yi. Jihar Alabama ba ta share haramcin daga kundin tsarin mulkinta ba sai a 2000, ko a lokacin kusan kashi 40 na masu zaɓe sun kaɗa ƙuri'ar a bar shi, duk da cewa ya riga ya zama mataccen rubutu. Adadin Gallup ya kai kashi 94 a 2021. A aikace kuwa, binciken cibiyar Pew ya nuna kashi 3 na sababbin ma'aurata ne suka auri wani launi ko ƙabila daban a 1967, a 2015 suka kai kashi 17.

Batun auren jinsi ɗaya akasin wannan tsari ya bi, a nan ne maganar "hanya ɗaya" ta faɗi warwas. Ban rubuto don in goyi bayan abin ko in soke shi ba. Matsayin dokar Najeriya a bayyane yake tun da Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Amma wanda zai ba mu labarin wata ƙasa ya ba mu yadda ya faru.

A 1996 Gallup ta samu kashi 27 ne kawai ke goyon baya. A shekarar ne majalisar dokokin tarayya ta zartar da dokar da ta ce a idon gwamnatin tarayya aure tsakanin namiji da mace ne kaɗai. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 342 da 67, ta Dattawa 85 da 14, Bill Clinton na jam'iyyar Dimokurat ya sa hannu. A 2003 Kotun Ƙoli ta soke dokokin jihohin da ke hukunta saduwar jinsi ɗaya tsakanin manya, a shari'ar Lawrence da jihar Texas, alƙalai shida da uku, ta warware hukuncin da ita kanta ta yanke a 1986. Jihar Massachusetts ta fara ɗaura auren a Mayun 2004 bisa umarnin babbar kotunta. Martani ya biyo nan take: a zaɓen Nuwamban shekarar jihohi 11 suka sa haramci a kundin tsarin mulkinsu ta hanyar ƙuri'ar jama'a. George W. Bush ya nemi a gyara kundin tarayya baki ɗaya, abin ya mutu a majalisa, domin gyaran na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar jihohi 38 cikin 50. Abin da ya fi ƙaryata baƙonku ma shi ne Kalifoniya, jihar da Hollywood take. A ranar da aka zaɓi Barack Obama a 2008, a ranar masu zaɓen jihar suka haramta auren jinsi ɗaya da kusan kashi 52. Shi kansa Obama a lokacin yaƙin neman zaɓen cewa yake aure tsakanin namiji da mace ne, bai sauya baki a fili ba sai a Mayun 2012. Wannan Obama kuwa iyayensa sun yi aure a Hawaii a 1961, lokacin da aurensu laifi ne a jihohi da dama.

Gallup ta ga adadin ya haye rabi a 2011, kashi 53. A Nuwamban 2012 jihohin Maine da Maryland da Washington suka amince ta akwatin zaɓe. A 2013 Kotun Ƙoli ta rushe ginshiƙin dokar 1996 a shari'ar Edith Windsor, kuma tushen shari'ar harajin gado ne na dala dubu 363 da aka ce ta biya bayan rasuwar abokiyar zamanta, wanda da gwamnatin tarayya ta san da aurensu ba za ta biya ba. Hukuncin ƙarshe, wanda ya halatta auren jinsi ɗaya a duk jihohi, ya zo ranar 26 ga Yunin 2015, alƙalai biyar da huɗu, a lokacin goyon bayan jama'a na kusan kashi 60. Ga bambancin nan ƙarara. A na farko kotu ta yi magana da murya ɗaya, jama'a suka yi shekara talatin kafin su iso. A na biyu jama'a suka riga isa da shekara huɗu, kotu ta biyo a rabe, da ratar ƙuri'a ɗaya tak.

Da mai gabatarwa ya tambayi dalilin wannan bambanci, da masu sauraro sun ƙaru. Baƙaƙe da fararen Amurka unguwanni daban suke zaune, makarantu daban, majami'u daban, kuma dokar da ta hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya sai a 1968 aka yi ta. Bature na iya girma har ya tsufa bai taɓa cin abinci a gidan baƙar fata ba. Don haka sauyin ya jira tsofaffi su shuɗe, waɗanda suka yi makaranta tare su girma. Masu neman jinsinsu kuwa a cikin kowane irin gida ake haifarsu, har gidan fasto da na sanata mai ra'ayin riƙau. Da suka fara bayyana kansu, batun ya tashi daga labarin jarida ya shigo falon gida. Da Pew ta tambayi waɗanda suka sauya ra'ayi a 2013, kusan ɗaya cikin uku suka ce dalilinsu sun san wani, ɗa ko ɗan'uwa ko abokin aiki. Sanata Rob Portman na Rifablikan ya sauya matsayi a shekarar, ya kuma faɗi cewa saboda ɗansa ne.

Ban ce talabijin ba ta taka komai ba. Joe Biden da bakinsa ya yaba wa wani wasan barkwanci na talabijin a 2012 cewa ya wayar da kan jama'a. Amma kamfanonin nan 'yan kasuwa ne, suna auna abin da masu kallo da masu talla za su iya haɗiya kafin su saka kuɗi. Da 'yar wasan barkwanci Ellen DeGeneres ta bayyana cewa ita mai neman jinsinta ce a 1997 wasu masu talla sun janye, a shekarar da ta biyo aka dakatar da shirinta. Wanda ya ce fim ne ya ja ragama ya ga ƙura ne ya ɗauka ita ke tura mota.

Baƙonku ya kuma ce magana ta ƙare, babu komawa baya. Nan ma ya yi gaggawa. A Yunin 2022, da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki, alƙali Clarence Thomas ya rubuta nasa ra'ayin daban cewa ya kamata a sake duba hukuncin 2015 da na 2003. Wannan ne ya zaburar da majalisa ta yi sabuwar doka, Biden ya sa hannu ranar 13 ga Disambar 2022. A Majalisar Dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, sai da 'yan Rifablikan 12 suka ba da hannu, daga ƙarshe aka zartar da dokar da ƙuri'a 61 da 36. Kuma a san iyakar dokar. Ta wajabta wa gwamnatin tarayya da kowace jiha su amince da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha, na jinsi ɗaya ne ko na launi daban. Ba ta tilasta wa jiha ta ɗaura da kanta ba, ba ta kuma tilasta wa coci ko masallaci ba. Idan aka soke hukuncin 2015, jihohin da haramcinsu ke kwance a kundi za su iya daina ba da takardar aure, mutane su koma tsallaka iyaka kamar yadda Loving da matarsa suka yi.

Ƙididdigar ma sai an iya karanta ta. Gallup kan tambayi mutum kusan dubu ɗaya ne ta waya, kuskuren lissafin na iya kai maki huɗu sama ko ƙasa. Saukar adadi daga kashi 71 a 2023 zuwa 69 a 2024 ba hujja ba ce a kan komai. Amma a cikin 'yan Rifablikan goyon bayan ya sauko daga kashi 55 a 2022 zuwa 41 a 2025, wannan kam ya wuce kuskuren lissafi. Fina-finan kuma ba su daina fitowa ba a waɗannan shekaru. Idan su ne ke tuƙa ra'ayi, me ya sa ya juya baya? Ko a ɓangaren launin fata, hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 a shari'ar gundumar Shelby ya cire haƙoran dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965, wato sashen da ke sa wasu jihohin kudu neman izinin tarayya kafin su taɓa ƙa'idar zaɓe. Obama na kan mulki aka yi haka.

Abin da nake nema, ku ware minti goma a shiri na gaba ku karanta waɗannan shekaru da alƙaluma, ko ku dawo da baƙon a yi masa tambayoyin da ba a yi masa ba. Mai gabatarwa kuma ya riƙa shiga ɗakin shiri da jerin shekarun a takarda, domin ɗalibai na saurarenku, gobe su rubuta abin da suka ji a jarrabawa.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da sauti magana. Kiɗan da ake sa wa a ƙarƙashin murya ya fi muryar ƙarfi, musamman ga mai ƙaramar rediyo, kuma duk sa'ad da baƙo ya zo faɗin adadi ko shekara a nan kiɗan ke tashi. Layin wayar masu sauraro ma sai saura minti biyar a rufe ake buɗe shi, mutum biyu su yi gaisuwa lokaci ya ƙare.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya