Wasiƙa Daga Kano a Kan Firaktikal na Kemistiri

Gwale, Kano.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya tare da su Baba da Hajiya. Ka tambaye ni yadda muke shirin firaktikal na kemistiri a jarrabawar WAEC, tunda ka ce a wajenku har yanzu a allo kawai ake zana muku kayan aiki. To, ga abin da hannuna ya taɓa.

Takardar awa biyu ce, maki 50, kuma ta ƙunshi taitireshan, wato auna yawan asid ɗin da zai kashe kaifin wani ruwan sinadari, da gano irin gishirin sinadarin da aka ba ka ta hanyar gwaji, da 'yan tambayoyi kan aikin ɗakin gwaje-gwaje. Taitireshan ne ya fi ba mu wahala. Za ka cika buret (dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa) mai cin 50 cm³ da asid, kamar HCl, ka ɗebi 25 cm³ na ruwan sodiyam kabonet da fifet (siririn bututun gilashi na ɗiban ruwa daidai awo) ka zuba a kwalba mai siririn wuya, ka ɗiga metil orenj (sinadari mai canza launi) sau biyu, ruwan ya zama rawaya. Daga nan hannun hagu yana kan famfon buret, na dama yana kaɗa kwalbar, idonka kuwa bai isa ya ƙifta ba, domin ɗigo guda ne ke juya rawayan nan zuwa ruwan lemo, ɗigo na gaba kuma ya mai da shi ja, aiki ya ɓaci.

Ranar farko na sami 24.80 cm³ na asid, na sake na sami 23.10, alhali ana so tazarar kada ta wuce 0.20. Malam ya tsaya a bayana bai ce uffan ba, sai kawai ya nuna mazurarin da na manta a bakin buret, yana ta ɗigar da asid bayan na riga na rubuta karatun farko. Ƙari a kan haka, da ruwa kaɗai na ɗauraye fifet, maimakon in ɗauraye shi da ruwan da zai ɗeba. Kuma kada ka yarda ka zuƙa da baki idan akwai robar zuƙa. Na zuƙa da ƙarfi, sai ga ɗanɗanon kanwa a harshena har la'asar, ashe kanwar da ake sa wa wake dangin wannan sinadarin ce. Lokacin karatu kuwa, ka sunkuya idonka ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, ka rubuta lamba biyu bayan ɗigo.

Gwajin gishiri ya fi daɗi, don launi ne ke magana. Idan ka zuba ruwan sodiyam haidiroksaid (NaOH) a narkakken gishirin, ƙarfen Fe²⁺ yana ba da guda-guda kore mai datti kamar gansakuka, Fe³⁺ kuma ja irin na tsatsa. Cu²⁺ na tagulla shuɗi ne mai haske, amma idan ka yawaita ruwan amoniya sai gudajin su narke, ruwan ya yi shuɗi sosai kamar rinin baba na marinar Ƙofar Mata. Iskar CO₂ tana mai da ruwan laim (na kalsiyam haidiroksaid, ba na lemon tsami ba) fari kamar tsinkakken nono. Malam ya dage cewa abin da ka gani shi za ka rubuta a gurbin lura na takardar amsa, ba abin da ka haddace ba, kuma ina ganin yana da gaskiya, domin wani a ajinmu ya rubuta fari alhali kore ne a gabansa.

Shawarata ita ce ka roƙi malaminku ya haɗa ku da wata makaranta mai kayan aiki, ko da Asabar biyu ne, ka riƙe buret da hannunka kafin ranar. Mu nan Asabar muke shiga da sassafe, kafin zafin rana ya hana mutum natsuwa. Ka rubuto mini lambobin da ka samu a gwajinka na farko. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka aminin,
daga Kano.