Raini da Gaba Sun Fi Faɗa Kashe Aure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan yawan mutuwar aure, maganar da ba ta yankewa a bakin malamai da gidajen rediyo da majalisun unguwa. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin halayyar ɗan'adam ga masu shirin zama malaman makaranta, kuma tun da furfura ta fito mini ake kirana zaman sulhu idan aure ya taɓu a dangi ko a unguwa. A duk zaman da na halarta, kalma ɗaya ce ke buɗe taro kuma ita ke rufe shi, wato haƙuri. A ce wa mace ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, a ce wa miji ya yi haƙuri da halin mata, a shafa fatiha a watse, ba tare da an tambayi mutanen nan biyu yadda suke yi wa juna magana idan babu baƙo a gidan ba. Bayan wata uku sai ka ji ta sake yin yaji, an sake tashin dattawa biko.

Ba na jayayya da cewa zaman aure sai da haƙuri. Damuwata ita ce muna ba da magani ba mu duba ciwon ba, alhali akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen duba shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka mai suna John Gottman, tare da abokin aikinsa Robert Levenson, sun fara nazarin ma'aurata tun shekarun 1970. A 1986 Gottman ya shirya wani ɗaki a Jami'ar Washington da ke birnin Seattle, aka ƙawata shi kamar gidan zama, ma'aurata su zo su wuni su kwana, su yi girki, su yi hira, su yi gardama, ana ɗaukar hotonsu ana kuma auna bugun zuciyarsu. Daga nan sai a ci gaba da bibiyar su shekara da shekaru don a ga waɗanda suka zauna da waɗanda suka rabu. Abu na farko da ya fito fili shi ne wanda kakanninmu suka riga suka faɗa, cewa zo mu zauna zo mu saɓa: gidajen da suka ɗore ma ana faɗa a cikinsu, har Gottman ya ƙiyasta cewa kashi 69 cikin 100 na saɓanin ma'aurata ba ya ƙarewa, domin tushensa bambancin hali ne, sai dai a koyi zama da shi. Bambancin yana cikin yadda ake yin faɗan. Ya ware halaye huɗu da ke cin aure kamar yadda gara ke cin azara: sukar halin mutum gaba ɗaya maimakon laifin da ya yi, kare kai da mayar da laifi, yin gum, da kuma raini. A cikin huɗun nan raini ne ya fi kowanne nuna cewa aure ya kama hanyar mutuwa.

A nan nake so in daɗe, domin mu Hausawa mun ƙware a raini ƙwarewar da ba ta bukatar buɗe baki. Muna da tsaki, da harara, da taɓe baki, da kallon sama da ƙasa, da habaici da ake jefa wa kaza ko yaro alhali an san wanda ake nufi, sa'an nan ga gori. Na taɓa zama sulhun wata 'yar dangi da mijinta, mutumin da ba a taɓa kama shi da gazawar cefane ba. Dattawa suka titsiye ta: ci bai gagare ki ba, sutura ba ta gagare ki ba, bai taɓa ɗaga miki hannu ba, to me kuma kike nema? Ta daɗe kanta a sunkuye, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Kawu, shekara biyu ke nan ban kai ƙarshen magana a gabansa ba. Da na fara sai ya ja tsaki ya ce me kika sani." Wasu daga cikin dattawan har murmushi suka yi, don a ganinsu wannan bai kai a tara mutane ba. Ni kuwa gabana faɗuwa ya yi, domin na san da ta ce sun yi cacar baki a kan kuɗin makarantar yara da abin ya fi sauƙin gyara. Matan ma ba a bar su a baya ba. Wadda ke yi wa mijinta gorin talauci a gaban 'ya'yansa, ko take auna shi da mijin ƙawarta, ita ma wuƙar nan take riƙe da ita. Abin mamaki shi ne aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, muna kuwa karanta ta a kan maƙwabci da abokin kasuwa, mu manta da wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Sai gaba, wadda mu kan ɗauka dattako ce. Miji ya daina amsa gaisuwa, ya daina cin abincinta, ya wuni a majalisa sai dare ya raba ya shigo, a ce ai shi ba mai son hayaniya ba ne. Awon da aka yi a ɗakin nan na Seattle ya nuna abin da ke faruwa a jiki: idan gardama ta yi zafi har bugun zuciya ya haura kimanin 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma maza ne suka fi yawa nesa ba kusa ba a cikin masu yin gum idan an kai wannan matsayi. Shawarar da masanan suka bayar ita ce a tashi a ba jiki aƙalla minti 20 ya huce, sa'an nan a dawo a ƙarasa maganar. Wannan bai yi nisa da abin da Annabi (SAW) ya koyar ba, cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Amma dawowar ita ce sharaɗin. Tashin minti 20 magani ne, shirun mako biyu kuwa hukunci ne da ake zartar wa mutum ba tare da an saurare shi ba, kuma addinin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku bai cire mata da miji daga ciki ba.

Wani sakamakon da ya fi ba ni sha'awa ya shafi ƙananan abubuwa ne da ba a kai su gaban dattawa. A cikin sababbin ma'aurata 130 da aka bibiya na tsawon shekara shida, an lura da yadda ɗaya ke neman hankalin ɗayan da 'yar magana, kamar a ce zo ka ga abin da yaron nan ya yi, ko yau kaina ke ciwo. Waɗanda aurensu ya ɗore sun kasance suna amsa irin wannan kira kimanin kashi 86 cikin 100 na lokutan da aka yi shi, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33 kacal. A gidajenmu wannan shi ne sannu da zuwa da sannu da aiki, da ɗaga kai daga waya idan ana yi maka magana. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Annabi (SAW) ya gaya wa Nana A'isha yana gane lokacin da take farin ciki da shi da lokacin da take fushi, domin a hali na farko ta kan rantse da Ubangijin Muhammadu, a na biyu kuwa da Ubangijin Ibrahim. Mai lura da sauyin kalma ɗaya a bakin matarsa ya san halin da zuciyarta ke ciki tun kafin a kai ga yaji. Binciken na Gottman ya kuma nuna cewa mazan da ke karɓar shawarar matansu sun fi samun zaman lafiya da ɗorewar aure, mu kuwa irin wannan namiji muke kira mijin ta ce, mu ce an mallake shi, kamar ba mu san shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar ranar Hudaibiyya ba.

Abin bai tsaya a zuciya ba. A wani bincike da Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Ohio suka wallafa a 2005, an yi wa ma'aurata 42 'yan ƙananan raunuka a hannu, aka tarar cewa raunin masu gardama da ƙiyayya ya fi jinkirin warkewa ƙwarai. Yara kuma suna kwasar rabonsu. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Mark Cummings ya daɗe yana nazarin yadda faɗan manya ke taɓa yara, ya gano cewa fushin shiru yana tayar musu da hankali kamar yadda ɗaga murya ke yi, kuma abin da ke kwantar musu da hankali shi ne su ga an shirya, ko su fahimci an shirya ko da ba a gabansu aka yi ba. Ina roƙon iyaye su dubi wannan da kyau, saboda a tsarin gidajenmu faɗa a tsakar gida ake yin sa kowa na ji, shiri kuwa sai dare a turaka, kunya ta hana a nuna shi. Yaro ya tashi ya haddace yadda ake faɗa bai taɓa ganin yadda ake ba da haƙuri ba, ranar da aka ɗaura masa aure kuwa abin da ya haddace shi zai karanta.

Duk da haka, Malam Edita, ba zan so a ɗauki waɗannan alƙaluma kamar saukakku ba. An yi ta yayata cewa Gottman na iya hasashen saki da daidaiton da ya haura kashi 90 cikin 100, amma a 2001 Richard Heyman da Amy Smith Slep sun nuna cewa irin wannan lissafi, idan aka gina shi a kan wasu mutane aka gwada shi a kan wasu dabam, ƙarfinsa yana raguwa sosai. Babbar matsalar a wurinmu ma ta wuce wannan. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kimanin kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya. Ma'auratan Seattle mutum biyu ne a gida, babu kishiya, babu rabon girki, babu uwar miji a ɗaki na gaba, babu facala, babu dangin da ke ganin gidan ɗan'uwansu gidansu ne. Baturen da ya ga matar da ba ta kama sunan mijinta, ko uwar da ke kawar da kai daga ɗanta na fari, zai iya rubuta cewa babu ƙauna a gidan, alhali kunya ce ya gani bai gane ta ba.

Akwai misalin da ke nuna amfanin zuwa a duba da ido. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine, sun wallafa nazarin jarirai 18 na Hausawa a Najeriya, suka tarar cewa jariri ɗaya yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gidan, ko da yake yakan fi karkata ga wanda ya fi ɗaukarsa. Wannan ya taimaka wajen gyara tunanin da ke cewa uwa kaɗai ce madogarar zuciyar jariri. Jarirai 18 ne kawai, kuma yau kusan shekara hamsin ke nan, amma har yanzu ana ambaton aikin a littattafan wannan fanni. Ina ga idan aka yi irinsa a kan zaman aurenmu, da harshenmu, ta hannun waɗanda suka san bambancin kawaici da gaba.

Damar kuwa tana nan a gabanmu. Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba take ɗaura auren zawarawa da 'yan mata a taro, kuma a 2023 kaɗai an ɗaura 1,800, bayan an yi wa angwaye da amare gwajin lafiya an rubuta bayanansu. Da sassan ilimin halayya da na zamantakewa a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, za su nemi yardar wasu daga cikin waɗannan ma'aurata su riƙa ziyartar su sau ɗaya a shekara har shekara biyar, mata su tattauna da mata, maza da maza, a kuma ɓoye sunaye, da mun sami abin da babu mai shi a duniya. Ba sai an kafa kyamara a ɗakin kowa ba, wanda ma ba zai yiwu ba kuma bai dace ba. Abin da aka samo shi za a zuba a cikin bitar da ake yi wa masu shirin aure, irin wadda ƙasar Maleshiya ta wajabta wa Musulminta, don bitar ta wuce lissafin haƙƙoƙin ci da sha da sutura ta shiga yadda ake fara ƙorafi ba tare da zagi ba, da yadda ake dawowa bayan an tashi cikin fushi.

Kafin a kai can, ni dai na sauya yadda nake zaman sulhu. Nakan nemi a bar ni da kowannensu shi kaɗai tukuna, in tambaye shi yaushe rabon da a yi dariya tare a gidan, da kuma wace kalma ce aka gaya masa da har yau ba ta bar zuciyarsa ba. Ina roƙon jaridarka ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, a gayyato malaman addini da masana halayyar ɗan'adam da alƙalan kotunan shari'a da suka ga ƙarshen dubban aure, su amsa wasiƙun masu karatu a kan wannan batu ba tare da an buga sunan kowa ba.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.