Mamana, Kafin Ki Zaɓi Wurin IT

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya haƙuri da zafin Kano? Mu nan Zariya lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙannenki suna gaishe ki. Inna ma ƙafar tata da sauƙi, har ta koma islamiyya.

Mahaifiyarki ta faɗa mini sashenku ya ba ku takardar fita IT, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi, kuma kin rasa inda za ki kai taki. Ta ce kawunki ya yi alkawarin sama miki wuri a wata ma'aikata, inda za a riƙa sa miki hannu a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum, ko kin je ko ba ki je ba. Ta ce ƙawarki kuma tana jan ki zuwa wani babban gidan talabijin a Abuja, ga kuma wani ƙaramin ɗakin labarai nan cikin Kano da malaminku ya ce suna neman hannu. Na so in kira ki, amma na san halinki a waya: "To Baba, to Baba," a kashe waya magana ta bi iska. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta ki sake karantawa.

Tun kina sakandare kike cewa rubutu za ki yi sana'a. To idan har maganar tana nan, tambaya ɗaya ce za ki auna wuraren nan uku da ita: a can, wa zai ɗauki abin da na rubuta ya karanta, ya sa jan biro ya gyara, ya dawo mini da shi in sake? Duk inda aka sami wannan mutum, can za ki, ko da ofishin ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara.

Na kawunki dai ki yi masa godiya da ladabi, ki bar shi. Niyyarsa mai kyau ce, so yake ki huta. Amma hukumar horar da ma'aikata ta ITF da ta kafa shirin SIWES, wato wannan IT ɗin naku, a 1973 ta kafa shi ne saboda masu ɗaukar aiki suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda hannunsu bai iya komai ba. Wanda ya kwanta a gida aka cika masa logbuk ya ci maki, ya kuma koma cikin waɗanda ake kuka da su tun wancan lokaci. Na Abuja kuwa ba na ce ba shi da kyau ba. Abin da na sani game da manyan wurare shi ne, ɗalibai sukan yi musu yawa a lokaci guda, sai a tara su a benci, mai sa'a a aike shi ɗauko kyamara ko sayo abinci. Ki nemi ɗaliban da suka yi a can bara, ki tambaye su abu ɗaya: labari nawa kuka rubuta da hannunku har aka watsa? Amsarsu ta ishe ki. Ga kuma tsadar Abuja, wadda kin san aljihun ɗan fansho ba zai ɗauka ba.

Kin san ginin kamfanin ɗab'i na Gaskiya da muke wucewa a nan Zariya. Marigayi Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Da Dokta Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar da ta shirya gasar, ya ga hannunsa, sai aka aro shi zuwa Zariya a 1936, ya yi wata shida yana rubutu, East yana bin abin da ya rubuta yana nuna masa dabarun aikin. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi aka ba edita. Mutumin da ya riga ya ci gasa, wanda Hausa ta zauna a bakinsa, shi ma sai da ya zauna gaban mai gyara. Ke da kike aji uku fa?

Bari in gaya miki abin da za ki tarar, tunda na cinye ƙuruciyata a ɗakin labarai na rediyo. Da la'asar, saura kaɗan a shiga labarai, edita zai jefo miki takardar sanarwa daga wata ma'aikata, shafi biyu da Turanci, ya ce ki fitar masa da labari. Sabon shiga yakan fara da cewa a ranar Talata ne mai girma kwamishina ya halarci wani gagarumin taro, ya jero manyan baƙi da muƙamansu, ya kawo jawabin maraba. Can ƙasa, a layin ƙarshe, sai ya ambaci cewa an rage kuɗin buhun taki. Edita zai ja layi a kan komai, ya zagaye wannan layin na ƙarshe, ya ce, "Ga labarinki nan. Manomin da ke sauraro a Bichi me ya haɗa shi da wanda ya yi jawabin maraba?" Za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige, don a gaban mutane zai faɗa. Kada ki yi fushi, kada ki yi kuka a nan. Ki ɗauki takardar da ya yi wa jan biro ki adana ta. Da dare ki ajiye taki da tasa gefe da gefe, ki ga abin da ya cire da abin da ya bari. An koya muku wannan a aji, na sani, har kun zana shi a jarrabawa. Amma sai agogo na gudu, mai karanta labarai na tsaye a kanki yana miƙo hannu, sannan abin yake shiga jiki.

Rubutun rediyo na kunne ne. Jimla gajera, lamba a sauƙaƙe ta, sunan mutum kada ya zo kafin a san ko wane ne. Kafin ki miƙa, ki karanta a bayyane. Inda numfashinki ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Na jarida kuma yana da nasa sarari da nasa horon. Idan kin sami dama a wuri irin Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, ko Leadership Hausa, ko ofishin kamfanin dillancin labarai na NAN, za ki koyi yadda ake gina dogon rahoto da yadda ake sa kanun da ba ya ƙarya. Gidajen rediyon Kano kuwa, tun daga na jiha har Freedom da ta buɗe a 2003 da waɗanda suka biyo bayanta, kullum cikin yunwar labarai da fassara suke, kuma inda ake yunwa nan ɗalibi ke samun aikin yi. Akwai masu rubuta wasan kwaikwayo na talabijin irin na Arewa24, akwai kamfanonin buga littattafai masu neman mai tace rubutu, akwai ƙungiyoyin agaji da ke neman wanda zai mayar musu da rahoto cikin Hausar da mutanen karkara za su gane. Duk rubutu ne, duk ana ci da shi.

Wani abu da na lura da shi wajen yaran yanzu: suna ganin aiki da Hausa koma-baya ne, kowa so yake a ji shi da Turanci. Ki iya Turancin, ki ƙware, dole ne. Amma masu Turanci sun cika kasuwa, wanda kuwa zai rubuta Hausa tsaf, da ƙa'idarta, ya fassara labarin kasafin kuɗi ba tare da ya ɗauko ginin Turanci ya jibga ba, neman sa ake yi da fitila. BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, DW tun 1963, RFI ta shigo a 2007, kuma da yawa daga cikin muryoyin da kike ji a can daga irin waɗannan ƙananan ɗakunan labarai suka taso. Don haka ki sa madannin Hausa a wayarki da kwamfutarki, ki riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Ki san inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006 yana nan cikin kabad ɗina, zan ba direban da ke zuwa Kano ya kawo miki. Kina jami'ar da ta yi shi, abin kunya ne a ce ba ki da shi.

Ranar da za ki kai takardar, ki je da kanki, da safe, kada ki aika. Ki riƙe rubutunki biyu ko uku da kika fi yarda da su, irin wanda kika yi wa gidan rediyon jami'arku da wancan na matan da ke sayar da awara a bakin ƙofar makaranta, wanda kika turo mini. (Na ji daɗinsa, sai dai sakin layin farko bai da amfani, daga na biyu labarin ya fara.) Edita ba ya da lokacin jin cewa kina sha'awar rubutu tun kina ƙarama, kowa haka yake cewa. Shafi ɗaya mai kyau ya fi masa. Idan an karɓe ki, ki roƙi a haɗa ki da wakili guda da za ki riƙa bi: kotu, kasuwa, asibiti, majalisa. Kotu ta fi ko'ina koyar da taka-tsantsan, don a can za ki gane bambancin wanda ake zargi da wanda aka yanke wa hukunci, kuma kuskure a wannan yana iya kai gidan jarida gaban alƙali.

Tunda na ambaci alƙali: abin da kika ji a ɗakin labarai ba na Facebook ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2015 an yi amfani da ita an tsare 'yan jarida da masu rubutu a shafukan sada zumunta, kuma ko da aka yi mata gyara a 2024 ba a daina kama mutane ba. Ke ɗaliba ce, ba ki da katin aiki, ba ki da lauyan kamfani. Duk abin da za ki saki, ya bi ta hannun edita. Sunan mutum ki tambaye shi yadda yake rubuta shi. Adadi ki sake dubawa. Abin da ba ki tabbatar ba ki ce da edita ba ki tabbatar ba, ya fi ki yi shiru a watsa. Su kuma manhajojin nan da ke rubuta wa mutum ko su fassara masa, na ga ƙaninki yana wasa da su. Edita mai ido yana gane Hausarsu tun daga layin farko, kuma ko bai gane ba, ke kika tafi wata da watanni ba ki koyi komai ba.

Sai maganar ambulan. Za ki bi wakili zuwa taro, a ƙarshe wani ya zagayo yana raba "kuɗin mota". Za ki ga manya suna karɓa ba ko kunya, wasu ma har da jira a bakin ƙofa. Ba zan zage su ba, na san albashin aikin nan, na san akwai gidajen da ke yin watanni ba su biya ba. Amma wanda ya ba ki, gobe idan labarinsa mara daɗi ya zo hannunki, zai kira ki yana tuna miki zumunci, kuma hannunki zai yi nauyi. Kuɗin motarki ni zan riƙa turo miki duk wata, daidai gwargwado. Alawus ɗin SIWES kuma kada ki ɗora lissafinki a kansa. Idan ya zo, alhamdu lillahi.

Akwai maganar da ta fi dacewa da bakin mahaifiyarki, amma zan taɓa kaɗan. Hira da babban mutum a ofishinsa ake yi, da rana, tare da wanda aka haɗa ki da shi. Duk wanda ya ce ki same shi a masauki da dare don ya ba ki labari, ko ya ce zai yi miki hanyar aiki idan kin riƙa gaishe shi, ki faɗa wa editanki ko wata babbar ma'aikaciya a wurin, ki kuma faɗa mana. Kada ki ji tsoron za a hana ki maki. Kada kuma wani ya ce miki aikin nan ba na 'ya mace mai hijabi ba ne. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda Allah ya yi wa rasuwa a Mina a 2015, ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano, ta riƙe New Nigerian a Kaduna, da mutuncinta da lulluɓinta, tun kafin a haife ki. Allah ya jiƙanta.

Logbuk ɗinki ki riƙa cika shi kullum da abin da kika yi na gaskiya, kada ki bari sai malamin da zai zo duba ku ya kusa zuwa ki zauna kina ƙirƙira. Ban da shi, ki buɗe wani fayil naki na kanki. Duk labarin da ya fita da hannunki a ciki, ki yanke shi ko ki ɗauki hotonsa, ki rubuta kwanan wata. Na rediyo ki roƙi a tura miki muryar. Bayan bautar ƙasa, duk inda kika je neman aikin rubutu, abin da za a fara ce miki shi ne, "Mu ga abin da kika taɓa yi." Kafin ki bar wurin kuma ki nemi editan ya rubuta miki takardar shaida tun yana tuna fuskarki, ki yi sallama da kowa har masinja da mai gadi.

Na yi magana da gwaggonki ta Kabuga, ta ce ɗakin yana nan idan an rufe hostel, kuma daga can adaidaita ɗaya ce zuwa cikin gari. Ki je ki gaishe ta ranar Juma'a, ki tafi mata da ɗan abin hannu. Idan kin je wurin da malaminku ya faɗa, ki kira ni ki gaya mini wanda kika tarar da abin da ya ce da ya ga rubutunki. Kawunki kuma ki bar ni da shi, ni zan yi masa bayani.

Ki gaishe da abokan karatunki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya ba da sa'a.

Wassalam,
Mahaifinki