Wanda Aka Fansa, Ya Mayar da Hakkin Mutane

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan Ista, wato idin da Kirista ke tunawa da mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da mai karatu yake gani shi ne sanarwar gwamnatin tarayya ta hutun Juma'a da Litinin, sai saƙonnin shugabanni na a zauna lafiya. Ba laifi. Amma abin da Kirista yake nufi da fansa da tashi daga matattu, da nauyin da ya hau kansa saboda su, ba kasafai ake bayyana shi da Hausa ba. Mu masu koyar da ajin baftisma ne a nan Kano, kuma da 'yan'uwanmu Kirista muke magana da farko. Mun san akasarin masu karatunka Musulmi ne, mun kuma san Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Ba muhawara ta kawo mu ba. Gara maƙwabci ya ji abin da ka gaskata daga bakinka da ya tsince shi a bakin hanya.

Ga abin da Linjila ta rubuta. An gicciye Yesu Almasihu a bayan birnin Urushalima ranar Juma'a, a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, zamanin da Bilatus yake gwamnan Romawa a Yahudiya, wato tsakanin shekara ta 26 da ta 36. Masana tarihi sun fi karkata ga shekara ta 30 ko ta 33. Ya cika wajen ƙarfe 3 na rana, Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi gawar, aka sa ta a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse kafin rana ta faɗi, domin ba a aiki ranar Asabar. Da asubar Lahadi mata suka je da kayan ƙanshi, suka tarar da kabarin wayam. Ana cewa Yesu ya yi kwana uku a kabari; mai tambayar ina kwana ukun, ya sani Yahudawa daga faɗuwar rana suke fara lissafin sabuwar rana, yadda mu ma daren da ya biyo yinin Alhamis muke kira daren Juma'a, kuma guntun yini a wurinsu yini ne. Juma'a ɗaya, Asabar biyu, Lahadi uku. Shi ya sa ake cewa ya tashi a rana ta uku.

Fansa kuwa tana da ƙa'ida tun a Tsohon Alkawari. Littafin Firistoci sura 25 ya ce idan talauci ya sa Ba'isra'ile ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa ko baffansa ko ɗan baffansa yana iya biya ya fitar da shi. Dole mai fansar ya zama na jini, ya kasance yana da abin biya, ya kuma yarda don kansa. A kan waɗannan ukun koyarwar Kirista ta tsaya: Yesu ya zama mutum, don haka ɗan'uwa ne, ba shi da zunubin kansa, don haka ba a bin sa komai, ya kuma ce ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi. Bashin da ake bin ɗan Adam, Manzo Bulus ya faɗe shi ƙarara a wasiƙarsa ga Romawa: kowa ya yi zunubi, hakkin zunubi kuma mutuwa ne.

A nan ne wa'azi yake yawan kaucewa. Saboda halin da Arewa take ciki, wasu masu wa'azi suna kwatanta gicciye da kuɗin da ake kai wa masu garkuwa da mutane a daji, kamar Shaiɗan ne ya tsare mu Allah ya biya shi. Tsohon kuskure ne. Anselm, babban bishop na Kantabiri a Ingila, ya rushe shi tun ƙarshen ƙarni na 11, da hujjar cewa Shaiɗan ba shi da hakkin komai a kan kowa. Allah aka saɓa wa, shari'arsa aka taka, shi ne kuma ya ɗauki nauyin biya. Kirista da ya kasa gane wannan, za ka same shi ya fi tsoron Shaiɗan da mayu a kan tsoron Allah, yana yawo daga wannan gidan addu'a zuwa wancan.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin talaka ne yake shan wahalarsa. Ana gaya wa mutane su shuka iri, wato su kawo kuɗi, domin a karya musu la'ana ko a share musu laifi. Manzo Bitrus ya rubuta cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba. Shi ne kuma ya ce wa Saminu mai sihiri, da ya miƙo kuɗi yana neman baiwar Allah, kuɗinsa su hallaka tare da shi. Baiko, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, godiya ce, azumi horon jiki ne, ba ɗayansu da yake sayen gafara. Duk wanda ya sa wa gafara farashi, ko wace irin riga ya sa, a guje shi.

Sai masu cewa tunda an riga an biya, sai a ci gaba da sheƙe aya. Bulus ya yi wannan tambaya da kansa a Romawa sura 6, ya amsa da a'a mai ƙarfi, kuma hujjarsa tashin Yesu ce.

Tashin nan na jiki ne. Luka ya rubuta cewa ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, Yahaya ya ce ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Ba irin na Li'azaru ba ne, mutumin da Yesu ya tayar daga kabari, wanda ya dawo ya ƙara wasu shekaru ya sake mutuwa. Wajen shekara ta 55 Bulus ya lissafa wa Kiristan birnin Koranti shaidun da suka ga Yesu bayan tashinsa: Bitrus, almajirai sha biyun, 'yan'uwa sama da 500 a lokaci guda waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun, Yakubu ɗan'uwan Yesu, sannan shi kansa. Ya ƙara da cewa in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarsu banza ce, suna nan cikin zunubansu. Ma'ana, tashin shi ne shaidar cewa an karɓi biyan. Baftisma ma abin da take nunawa ke nan. Ko nutsarwa aka yi kamar yadda ɗariƙun ECWA da Baptis suke yi, ko zuba ruwa a ka kamar yadda aka saba a Katolika da Angilikan, mai karɓarta yana cewa an binne tsohon halinsa, ya tashi zuwa sabuwar rayuwa.

To, Malam Edita, sabuwar rayuwar ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin wurin da muka fi rauni ke nan. Mutum zai fito gaba ranar Lahadi yana hawaye, a yi masa addu'a, Litinin ya koma rumfarsa a kasuwa da mudun nan nasa da aka bubbuge gindinsa. Tuba tana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya.

A fara da kiran laifi da sunansa a gaban Allah. "Ka gafarta mana duk kurakuranmu" addu'ar taro ce, ba ta isa ga wanda ya san abin da ya yi ba. Ya ce na tauye mudu, na cakuɗa tsohuwar masara da sabuwa, na riƙe albashin yaron shagona wata uku, na yi wa wance ƙazafi. Ɗan Katolika yana kai wannan gaban Fada, wato limaminsu, aƙalla sau ɗaya a shekara kamar yadda majalisar Lateran ta 1215 ta wajabta, Fada kuma ba shi da izinin faɗa wa kowa abin da ya ji. Sauran ɗariƙu suna furtawa ga Allah kai tsaye, su nemi fasto ko dattijon ikkilisiya idan abin ya yi nauyi. Daga nan a datse hanyar komawa: a fasa mudun, a goge lambar wayar, a bar zaman majalisar da take jawo abin.

Sai mayar da hakki, wanda kusan an daina wa'azinsa. Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawansa, amma kuɗin mutane yana nan a aljihunka. Shari'ar Musa ta ba da ma'auni biyu. Wanda ya zo da kansa ya amsa laifi, zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. In naira 50,000 ce, ya kai 60,000. Wanda ya saci dabba ya yanka ko ya sayar, tunkiya huɗu zai biya a kan ɗaya, sa biyar a kan ɗaya. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, ba wanda ya kama shi, amma ya ɗora wa kansa ma'auni mai tsanani: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ninki huɗu. Bayan ya faɗi haka ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Ba mu ce ikkilisiya ta mai da waɗannan lambobi doka ba. Mun ce wanda ya ce an fanshe shi da jini, bai kamata ya gaza wanda yake ƙarƙashin shari'a ba.

Ga inda abin yake lalacewa a aikace. Wasu suna kai kuɗin cikin baiko su ce sun mayar wa Allah. Ba na Allah ka ci ba, na Malam wane ne, kuma Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ko mai hakkin Musulmi ne ko Kirista, duk ɗaya ne. In ya rasu, a ba magadansa. Sai an rasa dangi gaba ɗaya ne Littafin Ƙidaya sura 5 ya ce a kai wa Ubangiji. Wasu suna jiran sai sun tara kuɗin duka, shekaru su wuce ba su tara ba. A je a faɗa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaida, a riƙa biya wata-wata. Wasu kuma suna fakewa da faɗuwar darajar naira, su mayar da adadin da suka ci shekara goma baya su ce sun fita. In buhun gero ka ci, buhun gero za ka mayar ko kuɗinsa na yau. Idan ana tsoron tashin hankali, kada mutum ya je shi kaɗai. Ya tafi da dattijo, ko a bi ta hannun mai unguwa. Idan laifin na hukuma ne, gafarar Allah ba ta soke kotu. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ya sami alkawarin Firdausi, amma da bakinsa ya ce hukuncin da yake sha daidai ne, ba a kuma sauko da shi ba.

Akwai abin da muke roƙon fastoci su hana: furci a bainar jama'a da yake tona asirin wani. Mutum ya miƙe da sunan ba da shaida, ya ambaci matar da ya yi lalata da ita, shi ya sauke nauyinsa, ita aurenta ya mutu. Faɗin furci ya tsaya daidai faɗin laifi. Na ɓoye tsakaninka da Allah, na mutum ɗaya tsakaninka da shi, na fili ne kaɗai ake furtawa a fili.

Wanda aka zo neman gafararsa shi ma da nasa nauyin. Ya yafe, kada ya rama, domin shi ma yafe masa aka yi. Yafewa ba ta hana shi karɓar hakkinsa, ba ta kuma tilasta masa sake danƙa wa mutumin makullin shago.

Wuri ɗaya da bangaskiyar tashin matattu take bayyana ko ta ɓuya shi ne gidan makoki. Bulus bai hana kuka ba, cewa ya yi kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege. Amma a ajiye gawa makonni a ɗakin ajiye gawa ana biyan kuɗin kowace rana, a ci bashin akwati mai tsada da anko da abincin ɗaruruwan mutane, bayan an watse dangin miji su kwashe kayan ɗaki su bar matar da marayu da masu bin bashi, wannan ba halin mai jiran tashi ba ne. Shi Ubangijin da muke bi, ranar da ya mutu aka binne shi. A nan maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu sauƙaƙawa, kuma ba abin kunya ba ne mu duba. Kuɗin da za a zuba a biki, Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, da dattawa su tsaya a juya shi zuwa kuɗin makarantar yaran da hayar gidan.

Ista ba ta da tsayayyar rana. Ana yin ta a Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai tsakiyar zafin Kano. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin kafin Ista, zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi 6, saura 40 na azumi ga ɗariƙun da suke kiyaye shi. Shawararmu ga kowace majami'a, mai azumin da marar yi: a makon farko kowa ya zauna da takarda ya rubuta sunayen waɗanda suke bin sa hakki da adadin, makonnin tsakiya a bi su ɗaya bayan ɗaya, dattawa kuma su keɓe yamma ɗaya a mako domin raka masu jin nauyin zuwa su kaɗai, yadda kafin a zauna Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, a makon Ista an biya ko an rubuta yadda za a biya.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu malaman ajin baftisma,
Sabon Gari, Kano.