A bar wa masu koyo kartar kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan yayin da ake yi a ofisoshin karkara, na goge wasannin da ke zuwa cikin kwamfutocin aiki. Gyaran kwamfuta nake yi a yankin Ringim, kuma ni ake kira in yi gogewar.

Aikin ba wuya. Yawancin kwamfutocinmu tsofaffi ne masu Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Sai ka shiga inda ake kunnawa da kashe kayan Windows, ka cire alamar da ke gaban wasanni, shi ke nan. Windows 10 ce mai taurin kai, don ta zo da Solitaire, wato kartar kwamfuta, har da Candy Crush, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a kuma toshe hanyar sake sauke su.

Wani shugaban ofis ya ce da ni, "Malam, karta ce fa! Caca a ofishin gwamnati?" Na ce ranka ya daɗe, ko kwabo ba a sawa. Tun 1990 aka saka Solitaire cikin Windows 3.0. Wani matashi mai koyon aiki a kamfanin, Wes Cherry, shi ya ƙirƙira ta, kuma amfaninta shi ne mutane su saba da linzamin kwamfuta, wato mouse: ka danna, ka ja, ka saki. Turawa sun wuce wannan darasi, mu kuwa a ƙauye har yau muna kansa. Na san wani dattijo mai rubuta katin marasa lafiya, da aka kawo masa kwamfuta yatsa biyu yake sa wa linzamin, kamar zai ɗauki kunama, kibiyar ta gudu can kusurwa yana nemanta. Da jan karta hannunsa ya faɗa. Yanzu shi ke shigar da sunaye, gilashi a kan hanci, ba ya neman taimakon kowa.

Kuma a tambaya, yaushe ake wasan? Galibi sai sabis ya ɗauke. Ma'aikaciya ta zo tura bayanan rigakafi, shafi ya ƙi buɗewa, sai Chrome, manhajar shiga intanet, ya fito mata da wasan ɗan dabbar nan mai tsallake ƙaya, wanda Google ya saka a 2014 musamman don lokacin da babu intanet. An goge karta, ta koma kan wannan. An toshe shi, ta zaro waya daga jaka. TikTok ɗin da ke hannunta wa zai goge?

Na yarda a cire wasannin daga kwamfutar da jama'a ke layi a gabanta. A 2006 magajin garin New York, Michael Bloomberg, korar ma'aikaci ya yi don ya ga Solitaire a allonsa. Ba na cewa a kai ga haka, amma wanda ya bar mai jego tsaye yana jera karta, mai gidansa ya kamata ya tsawata masa, ba ni mai gyara ba.

Roƙona ga shugabannin ofisoshi, a bar kwamfuta ɗaya da kartarta don sababbin ma'aikata, ladan gogewar da ake biya na kuma a haɗa a sayi batirin sola.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa