Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Dalilin Da Ya Sa Ba Za Mu Buɗe Reshe Ba A Bana

Assalamu alaikum.

Iyayenmu, yayye da ƙanne, malamai da ɗalibai da kuke ciniki da mu a Samaru, muna gaishe ku.

Kun sha tambayarmu yaushe za mu buɗe reshen kantinmu a unguwar PZ ko Kwangila, nan Zariya, tunda kowa buɗewa yake yi. Mun zauna mun yi lissafi, mun ga bana ba za mu buɗe ba, kuma hakkinku ne ku ji dalili.

Duk wanda ya bi titi daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari ya ga sababbin filaza, bene a kan bene, ga masu POS a kowace kwana. Shaguna sun ƙaru, amma aljihun mai saye yana nan yadda yake. Zariya gari ne na albashi da karatu da noma. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, Jami'ar Ahmadu Bello ta kasance a rufe, Samaru ta yi tsit. Manyan masaƙun Kaduna da suke sayen audugar yankin nan kuwa sun daɗe da rufewa, ba a kuma samu abin da ya maye gurbinsu ba.

Sai ga cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kasuwa ta riga ta cinye shi.

Mu da muke bayan kanta muna gani da idonmu. Magidancin da yake ɗaukar rabin buhun shinkafa a ƙarshen wata, yanzu mudu biyu yake aunawa. Uwar da take sayen gwangwanin madara ta koma ƙaramin ƙulli, tana ƙirga canjinta sau biyu kafin ta ɗaure a gefen zane. Wallahi abin yana damunmu. Idan muka kama hayar sabon shago, da janareta da albashin yara, a kan farashinku za a fanshe, kuma ba za mu yarda da haka ba.

Kuɗin da muka tanada domin reshe za mu sa shi a hatsi. Za mu sari masara da wake a kasuwar Giwa da kaka, lokacin da suke da sauƙi, domin kada farashinmu ya yi tsalle da bazara. Awo ƙanana yana nan, ko rabin mudu ne za mu auna muku ba tare da wani ya ji kunya ba. Littafin bashi na ma'aikata ma ba mu rufe shi ba; roƙonmu kawai, idan albashi ya shigo a tuna da mu, don mu ma dillalai na jiranmu.

Wanda ya ga mudu bai cika ba, ko kaya sun lalace, ya dawo da su a canza masa nan take.

Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Naku,
Masu kanti da ma'aikatansa, Samaru, Zariya