Tsofaffin faya-fayan punk sun fi ƙarfin a kira su hayaniya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani kiɗa da yawancin mutanenmu na Zongo suke kira haukan Turawa, wato punk da ƙanensa hardcore. Ni mai gyaran rediyo ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma fiye da shekara talatin ke nan ina riƙe da wasu faya-fayan garmaho da kawuna ya dawo da su daga Landan a cikin akwatin ƙarfe, haɗe da na Bob Marley da na Osibisa.

Ranar da na fara ɗora faifan farko na ƙungiyar Ramones, na zaci na yi kuskure na sa garmahon a gudu mai sauri na 45 maimakon na 33, har na miƙa hannu zan gyara, sai kawu ya kama mini hannu yana dariya, ya ce, "Bar shi, yaro, haka suka yi shi." Faifan ya fito a 1976 a birnin New York, waƙoƙi 14 ne a cikinsa, kuma dukansu ba su cika minti 30 ba. Kuɗin da aka kashe wajen ɗaukarsa bai wuce dala 6,400 ba, a zamanin da manyan mawaƙa ke shafe watanni a sutudiyo suna goge sauti har ya yi santsi. A nan kuwa ana jin kaushin jita da numfashin mai waƙa, kamar mutum yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da suke kiɗan, kuma wannan kaushin shi ne ya kama ni tun daga ranar.

Masu cewa kiɗan fararen fata ne zalla ba su bi tarihinsa ba. A 1977 ƙungiyar The Clash ta Ingila ta sake rera waƙar reggae ta Junior Murvin mai suna "Police and Thieves", domin matasan Landan farare da baƙaƙe talauci ɗaya ke cinsu, kuma a shekarar ne Bob Marley da kansa ya yi waƙar da ya ambaci The Clash a cikinta. A Amurka kuwa, ƙungiyar Bad Brains ta birnin Washington, wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa harsashin hardcore, baƙaƙen fata ne gaba ɗayansu, kuma kundinsu na farko na 1982 a kaset ya fito, irin kaset ɗin da muke mayarwa baya da biro idan batir ya yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka dogara da kansu. Ian MacKaye da Jeff Nelson sun kafa kamfanin faya-fayai na Dischord a 1980 suna samari, ba su jira wani attajiri ya ɗauke su ba, da hannunsu suke yanka kwalin faifai su ninke su manna da gam. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ga yadda makanike ke ƙera abin da babu shi a kasuwa daga tsohon ƙarfe, zai gane wannan hali ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙungiyar MacKaye da Nelson, wato Minor Threat, ce ta fitar da "Straight Edge" a 1981, waƙar da ba ta kai minti ɗaya ba, wadda a cikinta saurayi ke cewa ba ruwansa da ƙwaya domin yana son hankalinsa ya zauna daidai, kuma daga sunanta aka sami matasa masu yawa da suka ƙaurace wa giya da kayan maye. A yau da tramadol ke lalata mana yara a unguwanni, ina ganin bai dace mu yi wa irin wannan saƙo kuɗin goro da sauran ba, don kawai an faɗe shi da ihu.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Akwai ashar da rashin kunya a wasu faya-fayan, na Sex Pistols na 1977 ma tun daga sunansa ba zan iya fassara shi a jarida ba, kuma ba na sa shi idan yara suna shago. Sai dai mai tsintar shinkafa ba ya zubar da tiya guda saboda tsakuwa.

Makon jiya yaron shagona, wanda bai san komai ba sai abin da ke cikin wayarsa, ya ji na sa The Clash, ya ajiye kayan aiki ya tambaye ni ko mutanen nan faɗa suke yi. Na ce masa eh, amma ba da juna ba. Ya nemi in juya masa ɗaya gefen. Allurar garmahon tawa ta kusa cinyewa, na kuma zagaya kasuwannin Kejetia da Adum ban samu ba, saboda haka idan akwai mai ita cikin masu karatu, ina neman ya sanar da ni ta hannunka.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai gyaran rediyo,
Aboabo, Kumasi